Koren Rinin Dokta Abdussamadu

Ranar Litinin ɗin da aka koma aiki bayan yajin aiki na mako bakwai, Riskuwa ce ta fara isa ɗakin bincike. Ta taho daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi tun kafin rana ta yi zafi, ta buɗe tagogi, sannan ta nufi firij don ta ga abin da ya tsira. Na'urar sola mai aiki da hasken rana ta riƙe wuta, babu abin da ya lalace. A layi na biyu ta ga 'yan kwalaben da ta haɗa kafin a rufe makaranta. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta wajen haske. Abin da ke ciki ya kwanta a ƙasa kamar ƙullu, wannan ba sabon abu ba ne. Amma ruwan da ke sama, wanda ya kamata ya zama garau, ya yi wani kore-kore.

Shekara huɗu ke nan tana aikin digirinta na uku a hannun Dokta Abdussamadu, mutumin Argungu. Aikinsu a kan wasu 'yan mitsi-mitsin dunƙule ne da ake kira nano, waɗanda sai an jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin gashi guda. Ana iya cusa magani a cikinsu. Matsalar ita ce yadda za a sa su nufi ƙwayoyin kansa kaɗai, su bar masu lafiya. Dabarar Dokta ita ce a shafe bayansu da folik asid, sinadarin nan da ake ba mata masu ciki a asibiti, domin wasu ƙwayoyin kansa suna da kwaɗayinsa, da sun ji shi sai su haɗiye. Don a ga ko sun shiga, sai a zuba wa nano ɗin koren rini mai ƙyalli. In an duba a maikiroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, aka ga ƙwayar kansa ta yi kore, to ta haɗiya ke nan.

Shekara biyu da suka wuce sun ga koren, sun kuma auna shi. Nano masu shafe sun fi marasa shafe shiga kusan ninki goma. Wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje ta buga musu takardar. Riskuwa ce ta ɗauki hotunan da hannunta, babi uku na kundinta kuma a kansu suke zaune. Takardar ce kuma babba a cikin waɗanda Dokta ya miƙa wa jami'a don neman zama farfesa.

Ta daɗe riƙe da kwalbar. Ta ce wa kanta daɗewa ce ta sa, komai ya yi mako bakwai a firij zai saki. Duk da haka washegari ta haɗa sababbi. Ta saka su a injin da ke wulwula kwalba har nano ɗin suka kwanta, ta tsiyaye ruwan sama kaɗai, ta tace shi, ta zuba wa ƙwayoyin kansar da suke raino a faranti. Babu nano ko ɗaya a cikin ruwan nan. Bayan awa huɗu ta kashe fitila ta duba. Ƙwayoyin sun yi kore shar, kamar na hoton mujalla.

Ta sake yi ranar Alhamis. Ta sake a mako na gaba da wasu sababbin. A nan ta gane abin da ke faruwa. Wankin da ake yi wa nano wajen shafa musu folik asid yana sassauta jikinsu, sai rinin ya riƙa yoyo. Rinin ne yake shiga ƙwayoyin shi kaɗai. Marasa shafe ba su cika yoyo ba, shi ya sa suka zama kamar ba sa shiga.

Baba Atiku ta fara gaya wa, tsohon ma'aikacin da ke kula da na'urorin ɗakin, wanda saura masa shekara guda ya yi ritaya. Ya sa tabarau ya leƙa maikiroskop, ya ɗago, ya sake leƙawa.

"Wa kinka hwaɗa wa?"

"Kai kaɗai, Baba."

"To ya tsaya nan." Ya ja kujera ya zauna. "Kin san halin da Dokta shike ciki. Mutumin da ba shi iya ɗaga hannunai na hagu. Likita ya ce kar a tada mai hankali. Ki bari a ba shi farfesan, ki amshi digirinki, in ya so daga baya ki gyara a hankali. Wa zai duba?"

"Akwai masu karanta takardar, Baba. Wani zai ɗora aikinsa a kai."

"Su can suna da kayan aiki, su gano da kansu. Ni shekara ashirin nike tare da mutumin ga. Ban son a ce daga ɗakin ga anka kai mai abin da ya ƙarasa shi."

Ita ma abin da take tsoro ke nan. Ana cikin yajin aikin ne jini ya hau wa Dokta, ya faɗi a bakin masallacin unguwarsu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bayan an sallame shi daga asibiti aka mayar da shi gidansu na Argungu. Wannan mutumin ne ya je har garinsu Gulma ya zauna da mahaifinta a gefen gonar shinkafa, ya roƙe shi ya bar ta ta ci gaba da karatu. Ta kuma san abin da ya kai shi ga wannan bincike. Ƙanwarsa Adama ta rasu da kansar mama, ya ga yadda maganin ya ci gashinta da ƙarfinta kafin cutar ta ci sauran.

Kwana tara tana ɗauke da maganar. Abinci ya daina shiga. Sau biyu ta buɗe kundinta za ta ci gaba da rubutu, ta ga hoton koren, ta rufe kwamfutar. Ranar Asabar ta saka littafin aikinta da kwamfutar a jaka, ta je tasha ta shiga motar Argungu.

Lokacin cirar albasa ne. Duk hanya buhuna ne a jere a bakin titi, warinta na shigowa ta taga. Fadama ta bushe sai ɗan kore inda injinan ban ruwa ke aiki. Ta sauka wajen ƙarfe sha ɗaya, ta sayi lemo da kankana, ta taka zuwa gidan.

Hajiya Ma'u, matar Dokta, ta tarbe ta a tsakar gida. Ta rame, amma muryarta na nan yadda take.

"Maraba da Riskuwa. Jiya ma sai da ya ambace ki. Ki shiga, amma don Allah labari mai daɗi kaɗai. Jininai bai zamna ba tukuna."

An shimfiɗa masa katifa a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, an jingina shi da matasai. Bakinsa ya ɗan karkace, magana na fita a hankali, amma idonsa bai canza ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki. Ya tambayi Baba Atiku, ya tambayi firij, ya tambayi ko ƙwayoyin faranti sun rayu.

"Sun rayu, Malam."

"Madalla. Sai gwaji a jikin ɓeraye ke nan. Ki rubuta takardar neman izini, in sa hannu. Dama na nan lahiya lau." Ya ɗaga hannun damansa ya nuna mata, ya yi ɗan murmushi da rabin baki.

Ta ce to. Ta zauna kamar minti ashirin, jakar na kan cinyarta, ba ta buɗe ba. Da ta ga idonsa ya fara lumshewa sai ta fito.

Ta tarar da Hajiya a madafa tana gyaran kifi, ta tsuguna ta karɓi wuƙar. Sai Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Ke ba dubiya kaɗai ta kawo ki ba. Tun da kinka shigo ba ki aje jakar ga ba."

A nan Riskuwa ta faɗa mata komai. Ta yi bayanin yadda za ta iya, ta ce kamar a aiki mutum da tulun shuni zuwa wani gida, a ga ƙofar gidan ta yi shuɗi a ce ya isa, alhali tulun ne ya tsiyaye ruwa ya kai shunin, shi kuwa yana can baya. Hajiya ta saurara har ƙarshe.

"Ƙarya anka yi?"

"A'a, Hajiya. Kuskure ne. Amma in mun sani mun yi shiru, daga yau ya zama ƙarya."

"In an bari, wa zai cutu?"

"Yau ba kowa. Amma za mu kashe ɓeraye a banza. Wasu za su ɓata shekaru suna bin hanyar. In abin ya yi nisa, wata rana mutum za a yi wa allurar."

"Farfesan fa?"

"Ina jin maganar za ta tsaya."

Hajiya ta wanke hannunta a kwano, ta goge da gefen zane. Ta daɗe tana kallon murhu.

"Shekara talatin nike da mutumin ga," ta ce. "In ya ji daga baya cewa na sani na ɓoye mai, ba shi yahe mani. In kuma kin hwaɗa mai wani abu ya same shi, ni ba ni yahe ma kaina. Kin ga inda kinka sa ni."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. In kin ce in tafi, zan tafi."

"Zamna. Bari shi yi azahar, shi ci abinci, shi sha magani. In auna jinin. In ya yi sama, ki koma Birnin Kebbi da maganarki. In ya sauka, ki hwaɗi ina zamne."

Jinin ya sauka. Hajiya ta cire abin awon daga hannunsa, ta zauna a bakin katifa ta riƙe ƙafarsa. Riskuwa ta buɗe kwamfutar, ta ɗora a kan matashi inda zai gani. Ta nuna masa hoton farko.

"Wannan namu ne na mujalla," ya ce.

"A'a, Malam. Wannan na makon jiya ne. Ruwan sama ne kaɗai, babu nano a ciki."

Ya ƙura wa hoton ido har hasken kwamfutar ya dushe, ta taɓa ta ya dawo.

"Sababbi kinka haɗa?"

"Sababbi."

"Sau nawa?"

"Sau uku. Na tace ruwan kuma, na duba shi kafin in zuba."

"Marasa shafe fa?"

"Ruwansu bai ba da kore ba sai kaɗan."

Ya rufe ido. Hajiya na kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Can ya ce, "Ku ba ni wuri." Da hannun dama ya ja mayafi, ya karkatar da kansa wajen bango.

Riskuwa ta koma tsakar gida ta zauna a ƙarƙashin darbejiya. Hajiya ba ta fito ba. Aka kira la'asar, ta yi salla a tabarma, ta zauna tana jin kukan injin niƙa daga maƙwabta. Ta riga ta saka a ranta cewa ba zai sake son ganinta ba, ta fara tunanin motar komawa. Sai wajen ƙarfe biyar Hajiya ta ɗaga labule ta ce, "Shina kiranki."

Idonsa ya yi ja. An gyara masa zama.

"Zamna, ɗiyata. Akwai abin da ba ki sani ba." Ya huta, ya haɗiye miyau. "Lokacin da munka aika takardar, ɗaya daga cikin masu dubawa ya tambaya ko mun tabbatar rinin ba ya yoyo. Ban nuna maki ba. Aikin mako guda ne, da na ce ki yi kin yi. Amma ranar rufe karɓar takardun ƙarin girma ta matso. Sai na rubuta mai amsa mai tsawo, na kawo hujjoji daga aikin wasu. Ya amince."

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Na iya magana, shi ya sa," ya ce. "Tun da nika kwance nan, tambayar mutumin ga ta zo mani ya fi sau goma. In kore ta, ta dawo. Da kinka buɗe hoton, na san mi za ki ce."

"Ni na ɗauki hotunan, Malam. Ni ya kamata in gwada tun farko."

"Ke ɗaliba ce. Ni anka tambaya." Ya nuna jakarta. "Hiddo takarda."

Wasiƙa biyu ya yi mata shifta, kalma-kalma, yana tsayawa Hajiya na ba shi ruwa a cokali. Ta farko zuwa ga editan mujallar, yana neman a janye takardar, ya bayyana dalili, ya kuma faɗi cewa an taɓa yi masa tambayar bai gwada ba. Ta biyu zuwa ga jami'a, a cire takardar daga cikin waɗanda ya miƙa. Da suka zo inda ya ce a rubuta cewa laifin nasa ne shi kaɗai, Riskuwa ta ajiye biro.

"Ba zan rubuta haka ba, Malam. Sunana na kan takardar."

Suka ɗan ja. A ƙarshe ya yarda a rubuta cewa su biyun suka yi aikin, ita ce kuma ta gano kuskuren. Ta karanta masa daga farko, ya sa aka gyara kalma biyu. Ya sa hannu da ƙyar, sa hannun ya karkace ya gangaro ƙasan layi.

Ranar ba ta koma Birnin Kebbi ba. Ta wuce Gulma ta kwana wajen mahaifiyarta, da safe ta biyo ta sake duba shi. Jinin ya ɗan hau, amma ya sha kunu, ya kuma yi mata faɗa a kan ta bar ƙwayoyin faranti kwana biyu babu mai canza musu ruwa.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Mujallar ta ɗauki wata biyu kafin ta buga sanarwar janyewa. A sashensu magana ta yi yawa. Wasu suka ce ta jira malaminta ya kwanta sannan ta tona shi. Wasu suka ce da ma can aikin ƙarya ne. Baba Atiku ya yi mako uku ba ya amsa mata komai sai gaisuwa. Kwamitin digiri ya ce babi ukun nan sai an sake su, aka ƙara mata shekara ɗaya da rabi. Maganar farfesa kuwa ba a sake tada ta ba.

Ta koma farko. Wannan karon ba zuba rinin ta yi a cikin nano ba, ɗaure shi ta yi a jikinsu da haɗin sinadari yadda ba zai saki ba, kuma kowane haɗi sai ta gwada ruwan samansa kafin ta taɓa faranti. Sinadarin ɗaurin ya yi wata guda a hanya. Ranar da ya iso, ta tarar Baba Atiku ya riga ya wanke kwalabe ya jera mata.

Da damina ta faɗi, saƙo ya shigo mata daga wata ɗaliba a wata ƙasa mai nisa. Ta ce ta ga sanarwar. Wata takwas ta yi tana bin hanyarsu da wani irin awo na daban, ba ta samu abin da suka samu ba, har malaminta ya fara cewa hannunta ne ba shi da kyau, ta kusa barin karatun. Ta yi godiya.

Riskuwa ta kai wa Dokta saƙon ranar Asabar. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kore tun daga bakin titi har inda ido ya tsaya. Ta same shi ya ƙara ramewa, maganarsa sai an matso. Ta karanta masa, tana fassara wa Hajiya. Ta zaci zai ji daɗi.

"Wata takwas," ya ce. "Mun ci ma ɗiyar mutane wata takwas." Ya dubi Riskuwa. "Godiya ta yi, amma haƙuri ya kamata mu ba ta. Rubuta. Ki tura mata duk yadda kike haɗawa yanzu, kar ki rage komi."

Ta rubuta a gabansa, ta tura.

Ya rasu cikin watan Agusta, ranar wata Laraba da hantsi, bayan jinin ya sake bugunsa. Riskuwa na ɗakin bincike aka kira ta. Ita da Baba Atiku suka shiga mota ɗaya. Kafin su isa an kai shi. Ta yi kwana uku a gidan tana taya karɓar masu gaisuwa. Akwai matan da ta ji suna nuna ta da baki. A rana ta uku Hajiya ta kira ta cikin ɗaki, a gaban 'yan'uwan mamacin, ta miƙa mata littattafan aikinsa guda shida ɗaure da igiya.

"Ya ce ke za a ba," ta ce. "Kuma kowa shi ji, watannin ga na ƙarshe barci shike yi sosai. Da can ba shi yi."

Sakamakon sabon aikin ya fito a watan Nuwamba. Nano masu shafen folik asid sun fi marasa shafe shiga ƙwayoyin kansa, amma ninki biyu da ɗan kai ne, ba goma ba. Suna kuma shiga wasu ƙwayoyi masu lafiya fiye da yadda take so. Ta kira Baba Atiku ya duba alƙaluman.

"Kaɗan ne," ya ce.

"Kaɗan ne, Baba."

"Ya isa a rubuta?"

"Sai na sake sau biyu. In ya tsaya a haka, zan rubuta shi a haka."

Ya gyaɗa kai, ya tafi duba batirin sola. Ita kuma ta ɗauko sabon faranti, ta rubuta kwanan wata a murfinsa, ta fara ƙirga ƙwayoyin da za ta shuka don gwaji na biyu.